Jirgin Kawuna da Lamunin Goro

Ni ne da laifi a abin da ya sami kawuna, kuma na daɗe ina barin mutane su ɗora wa Nasara.

Lokacin Faransawa ba su jima da kafa duwan a Gaya ba, inda ake karɓar harajin kayan da suka ƙetaro Kwara. Ni dillali ne. Karatuna na allo ne, sai ɗan Faransanci da na tsinta a bakin bariki, wanda ya isa in tsaya tsakanin fatake da Baturen duwan. Falken da ya kawo goro daga Dahome zai wuce zuwa Dosso, a can yake biyan harajin. Amma sai wani ɗan gari ya tsaya masa, cewa in kayan ba su isa ba, dukiyar ɗan garin za a kama. Lamuni ke nan.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai jirgin fito ne, ba shi da gona, jirgin ke ci da gidansa. Ya daɗe yana tsaya wa wani falken goro da ni nake yi wa dillanci. A al'adarmu falke kan yanko guntun igiya daga ɗaurin huhun goronsa ya ba mai tsaya masa. Ranar da ka mayar da igiya, ka fita daga lamunin. Da fari duwan ta yarda da haka, dillali ya je ya faɗa, shi ke nan. Sai aka sauya Bature. Sabon ya ce mai janyewa ya zo da ƙafarsa, tare da wanda zai canje shi, in ba haka ba lamuni na wuyansa. Ni aka gaya wa don in gaya wa mutane.

Wata safiya na tarar da Kawu yana toshe ɓarakar jirgi da tsumma.

"Zo nan, Nasaran gidanmu," in ji shi. "Mutuminka ya cika tambayar kuɗin goro a Kamba, ƙetaren iyaka. Idonsa na ƙasar Ingilishi. Ungo igiyarsa, mayar masa."

"To, Kawu."

"Ba sai na je barikin naku ba ko? Warin tabar Baturen nan hawa min kai yake."

"Ba sai ka je ba, Kawu."

Na san ƙarya nake. In ya je ya janye, babu wanda zai canje shi, goron zai zauna a rana ya lalace, la'adata ta tafi. Na ce wa kaina ai mutumin kullum yana isa Dosso. Da na miƙa wa falken igiyar, ya dube ni ya yi murmushi, don shi ma ya ji sabuwar dokar.

Bai isa ba. Daga wajen garin Bana ya karkata da jakunansa gabas, ya shige ƙasar Ingilishi. Gardawan bariki, wato dogaran Bature, suka zo suka kwance jirgin Kawu daga turke. Ya bi su har bariki yana rantsuwa cewa ya mayar da igiya, ni na yi masa tafinta. Baturen ya tambaya ko ba a sanar da tsohon ba. Na ce an sanar. Kawu ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ya ce doka ce."

Aka sayar da jirgin. Kawu, da furfurarsa, ya koma tuƙa na wani ana biyansa lada. Duk gari ana zagin Nasara, ni ma ina taya su.

Bayan damina na ƙetare kogi, ashe jirgin da yake tuƙawa na shiga. Na fiddo kuɗin fito, ya ture hannuna.

"Ɗan 'yar'uwata ba ya biya."

Mai jirgin ya ce, "A naka ne ba ya biya, tsoho. A ladanka zan cire."

"Cire," in ji Kawu.

Da muka taɓa gaɓa na jira mutane suka watse. Na tuɓe takalma na durƙusa a cikin laka.

"Kawu, na san dokar tun kafin ka ba ni igiyar. Da ka je bariki, da jirginka na nan. Ni na hana ka, saboda la'ada. Kuma na ce wa Baturen an gaya maka. Ba ni da abin biyanka. Ka yafe mini, don Allah."