Kawu To-Madalla da Jan Madanni

A ofishinmu na sayar da injinan jawo ruwa, teburin bakin ƙofa na Kawu ne. Shi ke amsa waya, shi ke tarar baƙi, ni kuma ina gefensa ina buga takardu. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, amma har Hajiya Manaja haka take kiransa. "To-Madalla" kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ko cewa ka yi injinka ya kama da wuta, sai ya ce "to, madalla" tukuna, sannan ya jajanta maka.

Kakarsa ce ta raine shi, tsohuwar da ba ta taɓa nuna wa baƙo ya daɗe ba, shi ya sa ya taso bai iya sallamar mutum ba. Matarsa ta taɓa gaya mini cewa idan ya raka baƙo sai ya kai shi har ƙofar gidansa, baƙon ya ji kunya ya rako shi, ita kuma tana zaune abinci na hucewa.

Ranar da aka cire tsohuwar waya mai igiya aka kawo marar igiya, Kawu ya goge tabarau ya zauna gaban mai haɗa wayar kamar ɗalibi.

"Baba, wannan koren na ɗauka ne," in ji mutumin. "Wannan na sa mai kira ya jira, zai riƙa jin kiɗa. Wannan na miƙa kira wani ofishi. Ga na lasifika, ga na toshe murya. Jan nan kuma na kashewa."

"Na katse wa mutum hanzari ke nan."

"Idan an gama magana dai."

"To, madalla. Wa zai ce an gama?"

Sauran madannan duk ya ƙware a kansu, amma a nasa salon. Na toshe murya, atishawa yake yi da shi. Na lasifika, idan mai kira ya ce a gaida mutanen ofis, sai ya danna ya ɗaga wayar sama, dole kowa ya amsa, har akanta da ke tsakiyar aiki. Idan ya miƙa kira ofishin Hajiya, sai ya bi bayan kiran da ƙafa ya leƙa ya tabbatar ta ɗauka, wai bai kamata a tura baƙo shi kaɗai ba. Jan madannin ne kawai ya tsaya sabo fil.

Akwai wani tsohon hedimasta da ya sayi inji a wurinmu tun kafin in fara aiki. Kusan kullum da hantsi yake kira. Yana farawa daga ranar da ya haƙa rijiya, ya bi ta kan maginin da ya cuce shi, ya kwaikwayi ƙarar injin da baki. Kawu na ta "to, madalla", sauran masu kira na ta jin layi a cike.

Wata rana yana cikin sauraron Hedimasta, direbanmu ya yafito shi daga harabar ofis, Kawu ya fita da wayar a kunne. Yana wuce tankin ruwa muryar Hedimasta ta fara karkarwa, sai ɗif. Wayar ta yi nisa da mazauninta. Ya dawo yana juya ta a hannu, fuskarsa fal annuri.

"'Yata, ba ni na kashe ba, ko?"

"Ba kai ba ne, Kawu."

"Ke shaida ce."

Daga ranar, idan hira ta yi tsawo sai ka ga Kawu ya miƙe a hankali, ya gyara hula, ya nufi tanki yana ƙara ladabi a murya. "Ranka ya daɗe, kamar layin na rawa... ranka ya daɗe?" Mu kuma muka samu ma'auni. In ya tsaya a baranda, mai kiran na kirki ne. In ya sauka matakala, an fara gundurarsa. Wani lokacin don murna a kan murfin tankin yake manta wayar, sai in danna madannin nema da ke jikin mazaunin, mu bi kukanta har mu same ta.

Abin da bai sani ba, Hedimasta ya kai ƙara wurin Hajiya cewa wayar kamfani na yawan yankewa. Hajiya ba ta son a ce kayanta ba su da kyau. Ta sa aka maƙala wata 'yar na'urar ƙara nisa a bangon baranda ranar da Kawu ya je ganin likitan ido, ni kuma na manta ban gaya masa ba. To, kusan na manta.

Washegari Hedimasta ya kira. Kawu ya miƙe, ya gyara hula, ya isa tanki. "Kamar layin na rawa, ranka ya daɗe."

"Ina jin ka tangaram!" Har daga taga muna jiyo muryar tsohon.

Kawu ya wuce tanki, ya wuce sito. Ya isa get, maigadi ya buɗe masa yana kallonsa. Mun taru a taga, Hajiya ma ta fito tana tambayar ina Kawu za shi da wayar ofis. Ya tsallaka titi ya tsaya gaban mai faci, yana ɗaga wayar sama yana saukewa, layin nan ko gezau. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya zauna a kan tsohuwar taya ya saurara.

Sai kusan azahar ya dawo, ƙafa duk ƙura, ya zube a kujera.

"Ashe labarin yana da ƙarshe," ya ce. "Injin lafiyarsa ƙalau. Mutumin zai koma gidan 'yarsa ne, gwiwa ta hana shi hawa bene. So yake a cire injin a kai wa maƙwabciyarsa kyauta, mai yara da yawa. Tun watan jiya yake son faɗa, yana zuwa wurin sai waya ta yanke."

Ba wanda ya yi dariya sai akanta, shi ma ya mayar da ita tari.

"To wa ya kashe yau?" in ji Hajiya.

"Batir, ranki ya daɗe."

Ranar Asabar Kawu da kansa ya bi makanikinmu aka cire injin aka haɗa wa matar. Makanikin ya ce aikin bai ɗauki lokaci ba, sallamar ce ta kai su la'asar, don kowane cikin tsofaffin biyu jira yake ɗayan ya fara cewa sai an jima.

Yanzu Hedimasta ya rage kira, jikoki sun ɗauke masa hankali. Amma akwai wani ɗan kwangila da ya gaje shi, shi kuma nasa labarin na siyasa ne. Kwanan nan na lura idan an tashi aiki, Kawu na ɗora wayar a mazauninta a ɗan karkace, yadda fitilar caji ba za ta kama ba. Ina jira ya shiga alwala in daidaita ta. Jiya na ɗauki jakata na kai bakin get, na waiwayo, sai ga shi ya koma ciki a guje, wai ya manta tabarau, alhali suna kan hancinsa.