Hannun Dokta Abdulmutallib, Wanda Na Kasa Kamowa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris 1999, ina tsakiyar duba haƙorin wani mutum aka leƙo aka ce mini Dokta Abdulmutallib Idirisa ya cika a gidansa na unguwar Zariya, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya. Na ajiye madubin da ke hannuna, na kasa ɗauka.

Abdulmutallib, tare muka karanta aikin haƙori a Dakar, tare muka dawo Maradi. Ni na fi ka maki a takarda, kai ka fi ni hannu. Shekara goma sha biyu ina ɗauke da wannan a ciki, yau zan faɗa ko da ba ka ji.

Farin ciko iri ɗaya muke sa wa mutane, wanda ke sajewa da launin haƙori. Wurin guga muka rabu. Ni ina gama ciko sai in bi shi da bakin inji sau ɗaya, in ce a wanke baki. Kai kuwa sai ka jera faifan guga huɗu, daga mai kaushi zuwa mai laushi, kana bi ɗaya bayan ɗaya, kana yayyafa ruwa kada wurin ya yi zafi. A ƙarshe ka ce wa mutum, "Shafa da halshenka. Ka ji inda ya tsaya?" In ya ce ya ji, ka sake. Na sha faɗa a gaban mutane cewa burga ce da ɓata lokaci. Na san ba haka ba ne. Ciko mai kaushi datti yake riƙewa, shayi da goro su rina shi, dasashi ya kumbura a gefensa.

Shekarar da aka karya darajar sefa, kayan aiki suka yi wuya, yajin aiki ya ƙi ƙarewa, wuta ta zo ta ɗauke. Na sami hujjar rage aiki. Kai ka koma goga tsakanin haƙora da siririn zirin guga, da hannu, a bakin taga inda haske yake.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne na Yaya Tahira, yayata da ke noman rani a Jiratawa. Ni na cike mata haƙorin gaba da ya gutsure. Kafin wata shida ya yi ja, har ta riƙa rufe baki da mayafi in za ta yi dariya. Ba ta gaya mini ba ta tafi wurinka. Da ta biyo gidana tana ta murmushi, na tambaye ta ko ka cire nawa ka sa naka.

"Bai cire komi ba," in ji ta. "Cewa ya yi aikin ƙanena mai kyau ne, guga ce ba a ida ba. Ya zauna ya goge. Maman Lawali, mi ya hana ka yi haka tun farko?"

Da zagina ka yi, da na sami abin riƙewa. Ka rufa mini asiri a gaban 'yar'uwata, ni kuma na yi wata uku ban gaishe ka ba a masallacin Juma'a. Ka tare ni a bakin ƙofa ka ce, "Dokta, ko na yi laifi ne?" Na ce aiki ne ya yi yawa.

Tun da ka kwanta, mutanenka suke zuwa wurina. Ina buɗa baki in ga cikon da ka yi shekara takwas da suka wuce, sumul, sai na kai ƙarfe kafin in gane iyakarsa. Jiya Mushe Luka, malamin lakwal, wato makarantar boko, na Tibiri, ya zauna a kujerata, ya dube ni ya ce, "Dokta, za ka iya guga irin ta marigayi?"

"Ban iya ba tukuna," na ce masa. Shi ne karo na farko da na faɗi haka da bakina, kuma ko a lokacin sai da na ji zafinsa.

Na zo duba ka sau ɗaya a jinya. Na yi niyyar neman gafara, sai na tarar da ɗakin cike da mutanen da suke ƙaunarka, na yi sannu na fita.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Tsahara da 'ya'yanka, da ƙanenka Maliki, da dukan dangi na Maradi da Tibiri. Hajiya, in ya taɓa ambata miki abin da na yi masa, ki yafe mini a madadinsa. Allah ya jiƙan Abdulmutallib, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma Allah ya cire mini wannan hassada kafin in tarar da shi.

Dokta Maman Lawali
Sabon Gari, Maradi