Azumina na Farko a Gindin Duwatsun Italiya

Ranar ɗaya ga watan Ramadan na shekarar 1371, ina zaune a kan wata doguwar kujerar katako wadda ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa daga kanta, a wani ɗaki mai duhu a arewacin Italiya, na zuba wa agogon aljihun Baba ido. Shekarata goma. A gabana akwai kofin ruwa da dabino uku waɗanda na jera tun azahar, in watsa su in sake jerawa. An rufe tagogin katako saboda zafin rana, kamar yadda mutanen garin suke yi bayan abincin rana, don haka ban ga waje ba, ban kuma ga dalilin leƙawa ba. A Makka inda aka haife ni, idan agogo ya cika sha biyu to rana ta faɗi, domin daga magariba lissafinmu yake farawa, kuma kowace yamma maza sukan ciro agogonsu su daidaita shi da kiran sallar Harami. Da dogon hannu ya hau kan gajere sai na yi bisimilla, na karanta addu'ar da na yi mako guda ina haddacewa, na kafa kai na shanye ruwan nan tas. Sannan na ruga na tura taga don in ga jan magariba. Rana ce ta mare ni a fuska. Tana can sama, ko niyyar sauka ba ta yi ba, wasu mata suna shanya a bakin rafi, wani dattijo yana barci a kan amalankensa.

Abin da ya kai ni wannan ƙasa ciwon ido ne. Baba yana da ɗan shagon mayafai da yadi kusa da Harami, kuma a shekarar nan ya yi shirin zuwa da kansa masaƙar da ake saƙa masa kaya, don su iso kafin alhazai su cika gari. Da likitan Jidda ya ce idona na hagu yana bukatar aikin da ba a yi a wurinmu, sai aka haɗa tafiyar biyu. Inna ba ta bi mu ba, tana goyo. Muka hau jirgin ruwa har Jenowa, aka yi mini aiki a Milano, na yi kwanaki da ƙyalle a fuska, bayan an kwance muka wuce wani ɗan gari a gindin duwatsu inda masaƙar take. Tun daga Jidda Baba bai taɓa agogonsa ba. Yakan ce, "Agogon da ya saba da Harami ba ni zan koya masa wani lokaci ba." Da inuwa yake gane lokacin salla. Da safen nan da zai fita ya bar mini agogon don ya ɗebe mini kewa, bai tuna ya gaya mini cewa ranar wannan ƙasa sai ta ƙara kusan awa uku bayan ta Makka ta kwanta ba.

Sai an san gidanmu za a san abin da na zubar da kofin ruwan nan. Gida ne mai hawa uku a wani lungu mai hayi, mu da iyalin Baba Ƙarami, kuma Kaka ce sarauniyarsa. Ita ta taho daga ƙasar Kano a ƙasa, ta yi shekara shida a hanya ta Chadi da Sudan, ba ta kuma yarda a yi mata Larabci a ɗakinta ba. Mu yara aikinmu shara, da tankaɗe, da tsaron randa idan mai kawo ruwa ya hauro da garwa biyu a kafaɗa, kada ɗigo ya zube a banza. Da rana mu tafi wurin Fakiha, malamarmu ta allo, da allunanmu, da yamma mu hau soro mu yi carafke da tsakuwa. Idan Ramadan ya zo, Kaka takan fito da wata tabarma mai jan baki a shimfiɗa a soro. Babu mai zama a kanta sai wanda ya kai azumi. Yara masu rabin yini can gefe muke tsugunawa da kwanon kununmu, muna jiran bindigar shan ruwa ta tashi daga kan dutse. Ranar da yaro ya fara kai azumi, Kaka da kanta take kiran sunansa, ta zaunar da shi a damanta, ta sa masa dabino a baki da hannunta. Ni da Asma'u, 'yar Baba Ƙarami, sa'o'in juna ne, kuma tun Rajab muka yi alkawarin ranar farko za mu kai tare. Da ta ji zan yi tafiya sai ta taɓe baki ta ce, "Halas, shi ke nan, ke kam kin huta. Je ki ƙasar masu cin rana, tabarma ta ishe ni ni kaɗai." Na rantse mata zan kai nawa a can, in dawo in karɓi wurina.

Baba ya dawo ya same ni a ƙasan tebur. Da ya fahimci abin da ya faru ya so ya yi dariya, ya danne, ya ce, "Ya binti, 'yata, azuminki na Makka ya cika, na nan ne da saura." Wannan magana ba ta sanyaya mini komai ba. Na yi kuka har idon da aka yi wa aiki ya kumbura ya yi ja, hankalin Baba ya tashi, ya kafa doka: babu sauran azumi sai idon ya washe. Na ce ai shi ma yana yi. Ya ce shi ya yi niyyar zama a garin. Na ce ni ma na yi niyya. Ya ce, "Niyyarki tana aljihuna tare da fasfonki."

Haka kwanaki suka yi ta wucewa a garin da ya fi duk inda na taɓa gani kyau, ni kuwa haushinsa nake ji. Ƙaramin gari ne, titunansa na dutse, kowane gida da tukwanen furanni a taga, ga hasumiyar coci tana buga ƙararrawa ba dare ba rana. A tsakiyar dandali akwai wani bakin ƙarfe da ruwa yake zuba daga cikinsa babu tsayawa, babu mai tara, babu mai tsaro, yana malala ya bi kwata. Nakan tsaya ina kallonsa ina tuna Inna tana auna mana ruwan wanka da moɗa. Matar da muka sauka a gidanta tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa da baƙar riga, duk yaran unguwa Nonna suke ce mata, wato kaka, ni ma na bi su. Ba ta jin harshena, ba na jin nata, amma ta ƙudurta cewa ramata abin kunya ce ga gidanta. Duk inda na juya tana bayana da faranti. Sau biyu na yi ƙoƙarin ɗaukar azumi a ɓoye ba sahur. Na farko ta kai ƙarata wurin Baba da hannu da ido. Na biyu ina cikin hamma ta jefa mini alewa a baki, ta tafa hannu don murna. Kowace safiya Baba yakan ɗaga haɓata ya duba idon a hasken taga, ya ce, "Da saura." Ni kuwa lissafi nake yi: yau Asma'u ta kwana biyar a kan tabarma, yau goma, yau goma sha biyar.

Sai ranar sha bakwai ga wata, ana gobe za mu bar garin, ya duba ya ce, "Tayyib. Gobe hanya, yau kaɗai gare ki, in kin iya." Ashe ya riga ya ga alamar sauƙi tun jiya, shi ya sa ya tashe ni na ci burodi da madara kafin alfijir bai ce mini komai ba. Ya kira tafintan masaƙa, wani mutum da ya taɓa zama a tashar jiragen ruwa ta Masawa yana jin Larabci, ya yi wa Nonna bayani. Ta saurara tana girgiza kai, ta dube ni kamar za a kai ni yanka, sannan ta ɗauko ƙyalle ta rufe kwandon burodi. Ranar ce kuma ta saba zuwa gonar 'yarta a bayan gari, Baba yana da aikin ɗaure kaya har dare, don haka ta riƙe hannuna muka tafi.

Ban taɓa ganin gona ba sai a bakin Kaka. Mun yi tafiyar awa guda tsakanin dogayen itatuwa da suka jeru kamar masu salla, ruwa yana gudu a lambatu dama da hagu, kwaɗi suna faɗawa ciki in mun matso. Masara ta kai gwiwa, kore shar har iyakar gani, maza suna yankan ciyawa da dogayen lauje, ƙamshinta yana shiga har maƙogwaro. A gonar aka ba ni aikin da ya fi kowane zalunci ga mai azumi. Suna kiwon tsutsar siliki a ɗakin sama, a kan shimfiɗun kara hawa-hawa, kuma aikin mata da yara shi ne tsinko ganye a zuba musu. Dubban tsutsotsi farare, ba su da wata sana'a sai ci, ƙarar cinsu kamar yayyafi a kan rufi. In na zuba wannan gefe na juya, wancan ya ƙare. Da rana ta take aka shimfiɗa ƙyalle a inuwa aka ci aka sha, ni na koma bayan rumbu na juya baya. A daidai nan kuma wata bishiya ta sunkuyo da wasu 'ya'ya jajaye masu sheƙi, girman magarya, waɗanda Baba yake kira karaz. Ɗaya har taɓa goshina yake yi. Na tuna Kaka tana cewa, "Azumi ba a yi masa gaggawa, shi ya san hanyar gida," na ji haushin Kaka ma.

La'asar ta yi, ta daɗe, ta ƙi ƙarewa. Leɓena ya tsage, kaina yana sarawa, inuwar itatuwa ta yi tsawo har ta haye lambatu amma ranar tana nan. 'Yar Nonna ta tuƙa wani tuwon masara rawaya a tukunyar tagulla, ta juye shi a kan katako, ta yanka da zare. Da rana ta shige bayan wani tudu sai Nonna ta ɗaga hannu sama ta miƙo mini kofi. Na ƙi karɓa. Baba ya gargaɗe ni da safe cewa tudu ba ya faɗar da rana, in jira sai haske ya bar kan dutse mafi tsawo, duhu ya taso daga gabas. Na nuna mata ƙololuwar duwatsu, har yanzu ja suke kamar garwashi. Ta duba, ta dube ni, ta ajiye kofin, ta naɗe hannu a ƙirji ta zauna kusa da ni a kan dakali. Mijin 'yarta ya ɗauki cokali, Nonna ta daka masa wata tsawa da ban bukaci tafinta ba, ya ajiye yana gunaguni. Mutum tara, sun yini suna yankan ciyawa, tuwonsu yana hucewa a gabansu, duk sun ɗaga kai suna kallon dutse tare da ni. Jan ya koma ruwan hoda, ya koma toka, ya mutu. Babu bindiga, babu kiran salla. Na karanta addu'ata da muryar da ni kaina da ƙyar na ji, na sha ruwa, Nonna ta tsinko karaz ɗaya ta sa mini a baki, tana share hawaye da gefen riga tana faɗa kamar na yi mata laifi.

Washegari muka kama hanya. Teku ta juya mana ciki ni da Baba, babu wanda ya ƙara azumi, a jirgi muka yi Salla. Ina shiga gida ko takalmi ban cire ba na haye wurin Kaka na ba ta labari, na ce azumina ma ya fi na kowa tsawo. Asma'u tana bakin ƙofa da lallenta na Salla, ta ce, "Wa ya gani?" Baba ya ce shi bai ga shan ruwana ba, amma ya ga fuskata da na dawo. Kaka ta saurare mu duka, ta shafa kaina, ta ce ta yarda, Allah ma ya gani. Na ce to a fito da tabarma. Ta ce, "Tabarmar Ramadan ba a shimfiɗa ta a Shawwal, 'yar nan. Sai baɗi, in da rai." Na yi roƙo, na yi fushi, na ƙi cin abinci, ba ta sauya ba. Kusan shekara guda na jira, Asma'u tana tuna mini duk lokacin da muka yi faɗa. Da baɗin ta zo na zauna a daman Kaka, amma a lokacin yara uku ne muka kai tare, dabinon ma sauri-sauri aka ba mu don ana neman wurin ajiye shorba, romon shan ruwa.

Yanzu an rushe lungunmu an shigar da shi cikin faɗin Harami, mun koma unguwar Utaibiyya, gidan da ba shi da soron da zai ɗauki kowa. Ramadan ya zagayo cikin sanyi, yini gajere ne, kafin in gama gyaran littattafan ɗalibaina an kira magariba, ban ko ji ƙishi ba. Asma'u ta yi aure a Jidda, idan na tayar da zancen sai ta ce ita ba ta tuna ba. Ban san sunan Nonna na gaskiya ba, ban san ko tana raye ba, kuma ban taɓa gode mata da kalmar da za ta gane ba, domin a lokacin hankalina yana kan wata tabarma a can nesa. Na yi azumi da yawa tun daga nan, amma ba a sake taya ni jira irin na ranar ba.