Malam Ikrima da layin da ke wuyan hoto

Duk lokacin jarrabawar zane, Malam Ikrima kan ɗaura tulu da fartanya da ƙwarya a bayan babur, ya ratsa gonakin Tofa zuwa sakandaren da yake koyarwa. Makarantar ko fensir ba ta taɓa saya masa ba. Shi zai jera kayan a tebur, yara su zana, ya duba, ya ba da maki. Abokan aikinsa "Malam mai wasan yara" suke ce masa. Wata mai zuwa zai yi ritaya, kuma har yau ba su daina ba.

Bara aka zaunar da tsohon maigadin makarantar a kujera, aka ce 'yan ajin ƙarshe su zana shi. Wata ɗaliba, Tahira, wadda sai da wannan makin za ta shiga kwalejin malamai, ta fito da shi har tsagar kumatunsa. Da ta gama sai ta ja siririn layi a wuyan hoton. Haka mahaifinta, malamin allo, ya koya mata: wanda ya zana mai rai, ya raba kai da jiki.

Jami'in da aka turo daga birni don duba makin ya ture takardar. "Ta ɓata aikinta. Ta faɗi."

"Yallaɓai, dubi hannuwan nan," in ji Malam Ikrima. "Dubi yadda rigar ta zauna."

"Malam, yarinyar nan mutum ta yanka!"

"Ga shi can yana cin goro. Baba, an yanka ka?"

Maigadi ya shafa wuyansa. "Ban ji ba tukuna."

Jami'in ko murmushi bai yi ba. Malam Ikrima ya ƙi sa hannu a takardar sakamako, ya tsaya a bakin ƙofa, suka yi ta ja-in-ja har la'asar. Aka rage mata makin layin, aka bar mata sauran. Ta ci.

Ba wanda ya taka ya gode masa. Shugaban makarantar ma faɗa ya yi, wai an ɓata wa baƙo rai.

Malam, kai ne ka hana a sa yarinya ta zaɓa tsakanin maganar ubanta da sakamakonta. Mun gode, ko da yake mun makara. Allah ya saka da alheri.

Tahira tana kwaleji. Bana ƙanwarta Rahmatu ce za ta zauna jarrabawar, kuma uba ɗaya ya koya musu. Duk wanda aka ba ajin nan, ya zo da shirinsa.