Hajiya Salamatou da Ƙofar da ke Zuciyar Alhaji Tankari

Bayan sallar isha'i ƙarar ta fara, daga ɗakin da ke saman na Hajiya Salamatou. Kamar ana jan buhun takalma a ƙasa, sai a tsaya, sai nishi. Ta daɗe cikin 'yan kasuwar Zhanxi Lu, ta san ƙarar buhu. Wannan ba buhu ba ne.

Ita tafinta ce, mutuniyar Maraɗi. Kullum da sassafe takan ɗauki jakarta ta nufi asibitocin Guangzhou, ta tsaya tsakanin likitan da ba ya jin Hausa da majinyacin da bai san komai ba sai "lawban", wato maigida, da "meyo", wato babu. Da bakinta ake haihuwa, da bakinta ake cire haƙori.

Da ta hau, sai ga Alhaji Tankari mai takalma yana jan jiki da gwiwar hannu, ƙafafu sun mutu. Fatar cikinsa ta yi dabbare-dabbare. Abokinsa Hadi, Bakano, yana tsaye yana tofa masa addu'a.

"Hajiya, shafar aljanu ce," in ji Hadi. "Mutum da ƙafarsa ya shigo!"

A asibiti likitoci suka yi ta tambaya, Alhaji yana cewa babu komai, gajiya ce. Salamatou ta lura duk tambayar da aka yi sai ya saci kallon Hadi. Ta sallami kowa, ta ja kujera.

"Alhaji, ni ɗiyarka ce. Mi kunka yi jiya?"

Alhaji ya juya fuska bango.

"Ƙafarka ta hi kunyarka tsada. Hwaɗa mini."

Ashe mai masana'antar da suke sayen kaya wurinsa ne ya kai su garin Sanya, bakin teku. Kwanaki suna nutso da tulun iska a baya. Dattijo mai jikoki, cikin matsattsiyar rigar roba, yana bin kifaye! Ya rantsar da Hadi kada maganar ta isa Maraɗi. Kuma da fitowarsu daga ruwa suka hau jirgin sama, don ana loda musu kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu.

Tana juya wa likita maganar, ya miƙe zumbur. Aka garzaya da Alhaji wani ɗakin ƙarfe mai kama da tankin mai, aka rufe, aka matsa masa iska kamar an mai da shi ƙarƙashin teku. Ita tana bakin 'yar tagar tana ce masa ya yi salati.

Ni da na ji labarin, ga abin da ya hana ni barci. Wai mai nutso iska takan narke a jininsa, in ya taso sai ta yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo. Hawa jirgin sama kuwa ƙara kumfar yake yi. Huhu ne ke tace ta. To, Hadi nutso ɗaya suka yi, ko ciwon kai bai yi ba. Da aka haska zuciyar Alhaji, sai ga 'yar ƙofa tsakanin ɗakunanta biyu na sama. Kowa da ita yake zuwa duniya, ta rufe bayan haihuwa. Tasa ba ta rufe ba. Ta nan kumfar ta kauce wa huhu ta shiga jiki. Salamatou da idonta ta ga ƙwayoyin suna tsallakawa a allo, farare, kamar taurari. Mutum ya yi furfura da ƙofa a buɗe a ƙirjinsa, bai sani ba! Kuma wai kusan ɗaya cikin huɗu haka muke yawo.

Ke ce, Hajiya, mai jin abin da kunya ta binne. Da kin juya "gajiya ce" kin tafi barcinki, ba wanda zai zarge ki. Allah ya saka miki. 'Ya'yanmu masu jin yaren ƙasar nan, ku koyi zama kusa da gado, ba sayen kaya kaɗai ba.

Yanzu Hajiya za ta koma gida Maraɗi, gwiwa ta gaji. Ranar walimar ban kwana Alhaji Tankari ya hau benen da ƙafarsa, da sanda, ya ba da labarin rigar robar da bakinsa, aka yi ta dariya. Sai maƙwabciyarta Sauda ta dafe ƙirji.

"To Hajiya, in kin tafi, ranar da mu tamu ƙofar ta tashi, wa za mu gaya wa gaskiya?"

Kowa ya sunkuyar da kai kan farantinsa.