Kwana Biyun Gayauna

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma ne, ranar wata Lahadi, a zauren gidanmu. Mu uku ne: ni, da ƙanena wanda yara ke kira Baffa, da babban ɗana. Shi ne nas ɗaya tilo a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu, sai wata mata da ke taimaka masa da shara da rubuta kati. Shekarun nan ne da mai ya yi tsada, taki ya gagari talaka, motar Kano ta koma sai wanda ya shirya.

Ya durƙusa ya ce an ba shi damar karatun digiri na uku a fannin jinya, wanda idan ya gama za a kira shi dakta.

Baffa ya ce, “To madalla. Ka fara da gwiwar nan tawa, ka feɗe ta.”

“Ba irin wannan daktan ba ne, Baffa. Na bincike ne da koyarwa.”

“Au, dakta marar wuƙa? Ashe mahaucin da ba ya yanka za mu samu.”

Na ce su bar wasa. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma ba na yanke magana sai an jera mini ita. Na ce ya faɗi hanyoyin da zai iya yin karatun ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, ya tattara ya koma wata jami’a mai nisa, ya zauna can har ya gama. Wannan shi da kansa ya ajiye ta, domin asibitin zai zama ɗaki da kwalabe kawai. Ta biyu, ya riƙa shiga Kano kowace Juma’a da Asabar, shekara da shekaru. Ta uku, ya yi karatun daga gida ta kwamfuta, sai dai sau ɗaya a shekara ya je jami’ar da kansa ya yi wajen wata ɗaya da rabi a gaban malamai.

Nan take na zaɓi ta uku. Dalilina daga gona na ɗauko shi. A gidan mahaifina noman gandu muke yi, wato babbar gonar gida da kowa ke ci daga rumbunta. Kowane ɗa kuma yana da gayauna, ɗan fegin da yake nomawa don aljihunsa idan ya sauke aikin gandu. Na ce asibiti shi ne gandu, karatu gayauna. Ya yi aikin mutane da rana, ya yi nasa da yamma, ga shi ba ya ba direbobi kuɗinsa kowane mako.

Bai musa mini ba. Ya ce, “Baba, wata ɗaya da rabin nan a watan takwas ya faɗo, lokacin da ɗalibai suke hutu, azuzuwa suka zama babu kowa.”

Watan takwas kuwa shi ne marka. Ruwa ba ya ɗaukewa, sauro ya yi yawa, hatsin bara ya ƙare, gero bai nuna ba. A lokacin ne ake kawo masa yara jiki kamar garwashi, wasu suna jijjiga, har ya rataya ledar ƙarin ruwa a reshen darbejiya don gado ya ƙare. Hanyarmu kuwa idan ta jiƙe, mota ba ta shigowa.

Baffa ya ce, “Yaya, tsohonmu ya taɓa sallamar ka wata guda ana tsakiyar noma?”

Bai taɓa ba. Kwana biyu yake ba mu a mako, Juma’a da wata rana, sauran kwanakin nasa ne. Da na sake auna maganar da ma’aunin da ni na kawo, sai ta biyu ta fito daidai. Na ce ya ɗauke ta. Ya ce dama can ita zuciyarsa ta fi kwanta wa, yana so ne ya ji daga bakina.

Yanzu yana cikin shekara ta huɗu. Ranar Juma’a yana gama asuba yake hawa babur zuwa bakin titi, ya jira bas ta cika. Ranar Asabar yake dawowa da almuru, ƙafafu a kumbure. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Damina uku bai bar asibitin a marka ba, in ban da waɗannan kwanaki biyun.

Amma ciwo bai san Juma’a ba. Bara, ranar wata Asabar, jikar maƙwabcina ta kama jijjiga da hantsi. Matar da ke asibitin ta yi abin da ta iya, ba ta da ikon yin allura. Aka ɗora yarinyar a babur zuwa asibitin garin Tsanyawa cikin taɓo. Ta rayu, amma har yau ba ta ji da kunne ɗaya. Maƙwabcin nan bai ce mini komai ba. Muna gaisawa, muna sahu ɗaya a masallaci. Yaron kuwa da ya dawo ya ji, ya ce zai ajiye karatun. Na hana shi, domin an riga an yi nisa, kuma ni na ce ya ɗauka. Ban sani ba ko daidai na yi.

Saura shekara ɗaya, in ji shi, ko ɗaya da wani abu. Saboda haka nake roƙon wanda ya karanta wannan. Idan kana da ɗa ko ’ya da ya gama karatun jinya yana zaune a birni babu aiki, ka gaya masa akwai asibiti a arewacin Kano da ba shi da nas ranar Juma’a da Asabar. Akwai ɗaki a gidana mai ƙofa da makulli, tuwo kuma daga rumbuna ne. Ka turo mana shi kafin ruwa ya sauka.