Guntun bindigar da ke cikin akwatina

Assalamu alaikum masu wannan jarida. Ni tsohuwa ce daga Arlit, sai da furfura ta cika min kai na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da fita takaba ba. Mai gidana gadi ya yi a kamfanin ma'adinai har ƙarfinsa ya ƙare. Ya mutu ya bar min ɗa namiji guda, direban kamyo, wato babbar motar kaya, da jikoki cike da tsakar gida, da wata doguwar bindigar farauta da yake korar dila da ita in ya je wajen awakinmu a Gougaram. Bindigar tana da takardarta ta hukuma, ba ta sata ba ce.

Rannan na shigo na tarar jikokina sun taka turmi sun sauko da ita daga bango, suna nuna juna da ita suna dariya.  Na ce lallai in kulle ta a akwatin ƙarfena, amma ta fi akwatin tsawo. Sai na naɗe ta a tabarma na kai wa maƙerin unguwarmu, na ce ya rage mata baki, ya cire katakon bayan, tunda da ma zafi ya tsattsaga shi. Ya yi ta jan ƙafa yana cewa shi tukunya da murhu ya sani. Na ce masa tun yana tsirara na san shi, ya yi abin da na sa shi. Ya yanke, na kai ta gida na kulle a akwatin. Katakon na sa a wuta, guntun bututun kuwa na mai da shi abin hura gawayi.

Da aiki ya ja baya a gari muka ɗaure kaya za mu koma Agadez a motar da ɗana ke ja. A shingen jandarma aka ce a sauke komai. Ina kallo wani ya buɗe akwatina, ya ɗaga zannuwa, ya ga bindigar, sai ya daka tsawa. Kafin in buɗe baki sun kwantar da ɗana a ƙasa, bakin bindiga a ƙeyarsa. Jikokina na ihu, ni kuwa fitsari ya zubo min, ba zan ɓoye muku ba.

A ofishinsu na miƙa takardar da ƙarfin gwiwata. Babbansu ya duba ya ce, Inna, wannan takarda ta doguwar bindiga ce mai katako, wadda ake dafawa a kafaɗa, kowa na hango ta daga nesa. Ya ce da zarar an gajarta ta an cire katakon, a wurin doka ta tashi daga ta farauta, ta koma jerin waɗanda ake ɓoyewa cikin riga, irin na masu tare hanya. Na ce ai ita ce dai ta mijina. Ya ce ta mijina ta mutu ranar da aka sa mata zarto. Na rantse ni na sa aka yanke. Ya ce duk uwa haka take faɗa in an kama ɗanta, kuma direban da ke bin hanyar nan da irin wannan abu sun san aikinsa. Aka wuce da ɗana gidan kaso.

Na koma wurin maƙeri don ya zo ya yi shaida, ya ce bai taɓa ganina ba. Ban zarge shi ba, shi ma yana da ƴaƴa. Abinci ya gagare ni. Ko mota na ji ta tsaya sai in ce labarin an kai ɗana babban gidan yari aka kawo. Surukata ce, matar ɗana, tana neman abin hura wuta, ta tuna da bututun. Yana cikin buhun tukwanen da aka riƙe tare da motar. Na ja babban nasu har gaban buhun na zaro shi, baƙi ƙirin da toka. Ya kara shi a bakin bindigar, suka dace. Ya dube ni ya ce bai taɓa ganin ɗan fashin da uwarsa ke dafa shayi da rabin bindigarsa ba.

Duk da haka sai da muka je gaban alƙali. An saki ɗana, an ƙwace bindigar, ni kuma aka yi min faɗan da ban sha irinsa ba tun ina amarya. Mai motar ya karɓe makullinsa, ya ce ba ya son direban da jandarma suka san fuskarsa. Yau ɗana dako yake yi a tasha, kuma bai taɓa ce min uffan ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Mata ƴan'uwana, in miji ya mutu ya bar bindiga, kada ku taɓa ta, kada ku kai wa maƙeri, kada ku ce dabara za ku yi. Ku kira hukuma ta ɗauke ta yadda take. Ni don in tsare jikokina na yanke ta, ga shi a gaban idonsu aka taka wuyan ubansu.